Na'urar da ke maye gurbin faifan floppy

A shekarar 2011 ne kamfanin Sony na ƙasar Japan ya daina ƙera faifan floppy mai inci 3.5, wanda galibinsa ke ɗaukar bayanan da ba su wuce megabait 1.44 ba.

Sai dai har yanzu akwai tsofaffin kwamfutoci irin su Amiga, da injunan surfani na masana'antu, waɗanda ta wannan faifai suke karɓar umarni. Shi kuwa faifan yana lalacewa idan ya daɗe, lamarin da kan sa inji mai tsada ya tsaya cik alhali lafiyarsa lau.

Mafitar da masu gyara suka samu ita ce wata ƙaramar na'ura, wadda aka fi sanin samfurinta na Gotek. Akan cire tsohuwar ma'ajiyar faifan, a sa ta a gurbinta, a haɗa ta da wayar nan mai ƙafafu 34 da aka saba.

Bayanan suna cikin filashin USB ne, amma na'urar tana aika wa kwamfutar sigina daidai da na faifai mai juyawa, don haka kwamfutar ba ta gane an yi canji. Filashi guda kan ɗauki kwafin faifai ɗaruruwa.