Yadda ake sauya injin motar tsere ya koma amfani da man etanol

A shekara ta 2023 kamfanin ƙera motoci na Dodge da ke Amurka ya fito da wata mota mai suna Challenger SRT Demon 170, wadda ƙarfinta ke canzawa gwargwadon irin man da aka zuba mata. Idan aka ba ta fetur mai inganci, injinta na samar da ƙarfin doki 900. Idan kuwa aka cika tankin da man E85, wanda akasarinsa etanol ne, sai ƙarfin ya haura zuwa doki 1,025, ba tare da an kwance ko da noti ɗaya a jikin injin ba.

Abin mamaki a nan shi ne, lita guda ta etanol ba ta ɗauke da makamashin da ke cikin lita guda ta fetur. Kimanin kashi biyu cikin uku kawai take da shi. Duk da haka, masu sha'awar motocin tsere a Amurka da Suwidin da Ostireliya sun daɗe suna kashe maƙudan kuɗi wajen sauya injinansu domin su koma shan wannan mai.

Mene ne etanol?

Etanol dai wani ruwa ne da ake tatsa daga tsirrai masu sukari ko sitaci bayan an jiƙa su sun yi tsami. Amurka, wadda ke kan gaba wajen samar da shi, daga masara take yin nata, yayin da Brazil da ke biye mata ke amfani da rake. Shi ne ainihin sinadarin da ke sa maye a cikin barasa, sai dai wanda ake sayarwa don motoci akan gauraya shi da fetur tun daga masana'anta ta yadda ba zai shawu ba.

Harafin E da lambar da ke biye da shi suna nuna yawan etanol ɗin da ke cikin gaurayen. E10 na nufin kashi 10 cikin ɗari, kuma shi ne fetur ɗin da akasarin motocin Amurka ke sha a kullum. E85 kuwa na nufin har zuwa kashi 85.

Brazil ce ta fara rungumar wannan mai gadan-gadan, bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973. A 1975 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin Proálcool, a 1979 kuma kamfanin Fiat ya fito da samfurin 147 mai shan etanol zalla. A 2003 ne Volkswagen ya kawo motar Gol mai iya shan fetur ko etanol ko gaurayensu. To amma manufar Brazil ita ce rage sayen mai daga waje. Masu tsere daban ne abin da suka hango.

Na'urar cusa iska da matsalar da take haifarwa

Ƙarfin inji ya ta'allaƙa ne da yawan iskar da zai iya shaƙa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Na'urar da ake kira sufacaja, wato na'urar cusa iska, famfo ce da bel ke juyawa daga jikin injin, tana danna iska cikin silinda fiye da abin da injin zai iya zuƙa da kansa. Bambancinta da turbo shi ne, shi turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi.

Dabarar tsohuwa ce. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiana, su ne suka yi rajistar irin wannan famfo a 1860 domin hura wutar narka ƙarfe, kuma har yau da sunansu ake kiran ɗaya daga cikin nau'o'insa. Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu ɗauke da na'urar a bikin baje kolin motoci na Berlin a 1921.

Sai dai duk iskar da aka matse takan ɗauki zafi. Idan zafi da matsi suka yi yawa a cikin silinda, wani ɓangare na man kan fashe da kansa kafin harshen wutar da fulogi ya kunna ya iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ake jin ƙararta tamkar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ba ita ce abin da direbobi ke nufi idan suka ce inji ya yi nokin ba, amma tana cikin hanyoyi mafi sauri na kai inji ga wannan hali, domin takan fasa fistin ko ta ƙona gasket cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Don kauce wa haka, kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, takan jinkirta lokacin kunna fulogi ko a rage matsin iskar. Duka biyun asarar ƙarfi ne. Ke nan a injin da ke da sufacaja, sau da yawa ingancin mai ne ke taka wa ƙarfi burki tun kafin ƙarafan injin su gaza.

Inda etanol ya yi wa fetur zarra

Ma'aunin oktan shi ne ke nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. A gidajen man Amurka fetur na yau da kullum oktan 87 ne, mai tsadar kuma 91 zuwa 93. E85 kan kai tsakanin 100 da 105, wato daidai da man tsere na musamman da ake sayarwa a gwangwani da tsadar gaske.

Fa'ida ta biyu ma ta fi wannan ban sha'awa. Duk ruwan da ke komawa tururi yakan zuƙe zafi daga abin da ke kewaye da shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan da ke cikinta. Etanol na zuƙe zafin da ya ninka na fetur fiye da sau biyu a kowane kilo, ga shi kuma ana fesa shi da yawa fiye da fetur. Sakamakon haka iskar da sufacaja ta dumama takan huce kafin a kunna mata wuta, kuma iska mai sanyi ta fi cunkusuwa a cikin silinda.

Da waɗannan biyun mai gyara ke samun sararin da bai da shi a da. Yana iya matso da lokacin kunna fulogi gaba, yana kuma iya sa ƙaramin faifai a kan sufacaja domin bel ya riƙa juya ta da sauri, matsin iska ya ƙaru. Daga nan ne ƙarin ƙarfin ke fitowa. A injin da ba shi da na'urar cusa iska, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Kamfanonin Suwidin sun nuna haka tun da wuri. Motar Saab 9-5 BioPower ta 2005, mai turbo, tana ba da doki 150 da fetur, 180 da E85. A 2007 kuma kamfanin Koenigsegg ya fito da CCXR mai sufacaja biyu, wadda ke kai wa doki 1,018 da E85, alhali 'yar'uwarta CCX mai shan fetur ta tsaya a 806.

Abin da ake canzawa

Aikin yakan fara ne daga hanyar mai. Fetur na buƙatar iska kilo 14.7 kafin kilo ɗayansa ya ƙone sarai. Etanol zalla kilo 9 kawai yake buƙata, saboda akwai iskar oksijin a cikin ƙwayarsa, E85 kuma kimanin 9.8. Ma'anar haka ita ce, a kan iska iri ɗaya dole a fesa man da ya zarce na fetur da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Idan aka ƙara matsin iska kuma, buƙatar sai ta sake hauhawa.

Nozul ɗin da kamfani ya sa wa motar fetur ba kasafai suke iya fesa wannan adadi ba, don haka akan musanya su da manya. Famfon mai na cikin tanki shi ma akan sa babba, wasu ma biyu ko uku suke haɗawa. Ana kuma duba tiyo da robobin da mai ke ratsawa, musamman a tsofaffin motoci, domin etanol na cin wasu nau'o'in roba, sa'an nan a sa matatar mai ta ƙarfe a madadin ta takarda. Motocin zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da tasu matsalar: famfonsu mai matsi sosai yana da iyaka, shi ya sa masu irinsu da dama ke tsayawa a kan gaurayen E30 zuwa E50.

Bayan ƙarafa sai kwamfuta, kuma a nan ne gwaninta take. Akan ɗaure motar a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa da ke auna ƙarfinta tana tsaye wuri ɗaya, mai gyara kuma ya haɗa kwamfutarsa da ta motar yana sake rubuta jadawalin yawan mai da lokacin kunna fulogi a kowane matakin gudu. Akwai wata na'ura a bakin salansa da ke gaya masa ko man ya wadata. Idan ya yi ƙaranci a lokacin da aka take totur, zafi kan tashi har ya narka saman fistin.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da E85. A injin fetur, ƙwanƙwasawa ce ke yi wa mai gyara gargaɗi cewa ya isa haka. Etanol kuwa yakan jure har a wuce matakin da injin ke ba da iyakar ƙarfinsa ba tare da an ji komai ba, alhali matsin cikin silinda na ci gaba da hauhawa. Wanda ya dogara da kunnensa kaɗai yana iya lanƙwasa sandar fistin injin na tafiya lami lafiya. Ƙwararru kan tsaya ne da zarar ma'auni ya nuna ƙarfin ya daina ƙaruwa.

E85 da ba 85 ba

Babbar matsalar da mai irin wannan mota ke fuskanta a kullum ita ce, sunan man bai cika dacewa da abin da ke fitowa daga famfo ba. Ƙa'idar Amurka ta amince a sayar da duk gaurayen da ke da etanol daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari da sunan E85. Dalili kuwa shi ne sanyi. Etanol ba ya saurin komawa tururi idan gari ya yi sanyi, inji kan ƙi tashi da safe, saboda haka a lokacin hunturu 'yan kasuwa kan ƙara yawan fetur a ciki. Motocin Brazil na da ma har wani ɗan ƙaramin tankin fetur ake sa musu a gaba don tada inji kawai.

Injin da aka daidaita shi da man bazara, idan ya sha na hunturu, oktan ɗin da aka dogara da shi ya ragu ke nan. Mafi muni shi ne a zuba wa irin wannan inji fetur zalla a manta ba a sauya jadawalin kwamfutar ba.

Maganin da ya fi karɓuwa shi ne wata ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a kan tiyon mai, wadda ke auna yawan etanol tana sanar da kwamfuta nan take, ita kuma ta daidaita mai da wuta gwargwadon abin da ke cikin tanki. Irin wannan tsari ne ke cikin Demon 170, wadda ba ta sakin cikakken ƙarfinta sai ta ga etanol ya haura kashi 65 cikin ɗari. Waɗanda ba su da na'urar kan yi yawo da wata 'yar kwalba mai layuka: a zuba ruwa zuwa layin farko, a cika da man, a girgiza. Etanol zai bi ruwan ya kwanta a ƙasa, fetur ya taso sama, sai a karanta adadin a jikin kwalbar.

Wannan son ruwa da etanol ke da shi wata illa ce ta daban. Yana janyo danshi daga iska, kuma motar da aka ajiye watanni da shi a tanki tana iya samun tsatsa a famfo da nozul. Haka kuma yakan zurara cikin baƙin mai, musamman idan ana gajerun tafiye-tafiye injin bai yi zafi sosai ba, lamarin da ke sa a riƙa juye da wuri.

Kuɗi da doka

Tanki guda na E85 kan gaza na fetur nisan tafiya da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Gidajen man da ke sayar da shi a Amurka sun haura 4,000, amma sun fi yawa a jihohin noman masara irin su Minnesota da Iowa da Illinois, sai kuma Kalifoniya. Mai doguwar tafiya dole ya tsara hanyarsa tun daga gida.

Ta fuskar doka, dokar tsabtace iska ta Amurka ta haramta cire ko kashe na'urorin rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, kuma kamfanoni kan janye garantinsu daga injin da aka taɓa kwamfutarsa. Faransa kuwa a ƙarshen 2017 ta halatta wasu akwatunan sauyi da hukuma ta tantance, waɗanda ake ɗaura wa motocin fetur su koma shan E85, kodayake araha ce ke jan Faransawa zuwa gare shi fiye da neman gudu.

A fagen gasa ma man ya samu gindin zama. Gasar IndyCar ta koma etanol a 2007, NASCAR ta fara amfani da E15 a 2011, Formula 1 kuma ta shigo da E10 a 2022.

A cikin motocin da aka yi amfani da su da ake shigowa da su Najeriya da Nijar daga Amurka, akan ci karo da masu tambarin FlexFuel a baya, galibi da murfin tanki ruwan ɗorawa. Waɗannan tun daga masana'anta aka shirya su su sha fetur ko E85, kuma fetur na yau da kullum ba ya yi musu illa. Motar da wani ya sauya wa kwamfuta a can don tsere kuwa ba ta da wata alama a jiki, sai an haɗa ta da na'urar bincike ko an duba girman nozul ɗinta kafin a gane irin man da aka daidaita ta da shi.