Yaushe ne mataimakin alƙalin wasa zai sa baki a gyara hukunci?

A dokokin ƙwallon ƙafa da hukumar IFAB ke tsarawa, doka ta 5 ta ɗora hukuncin ƙarshe a wuyan alƙalin tsakiya, doka ta 6 kuma ta wajabta wa mataimakansa su agaza masa. Mai tuta yana nuna fitar ƙwallo, da satar gida, da duk wata ƙeta da shi ya fi alƙali ganinta. Shawara yake bayarwa. Usur ɗin na hannun alƙali.

Babban sharaɗin gyara shi ne lokaci. Alƙali na iya janye hukuncinsa matuƙar ba a ci gaba da wasa ba, ko bai tashi wasan ya fita daga fili ba. Da zarar an sake taɓa ƙwallo, bakin alƙalami ya bushe. Ɗaya daga cikin togaciyoyin ita ce laifin da ya cancanci kati: idan mataimaki ya yi ƙoƙarin sanarwa kafin a ci gaba, ana iya ba da katin daga baya.

Gasar cin kofin duniya ta 2006 ta nuna amfanin magana da illar shiru. A wasan ƙarshe a Berlin, Horacio Elizondo bai ga Zidane ya tunkuyi Materazzi da ka ba. Alƙali na huɗu, Luis Medina Cantalejo, ne ya faɗa masa, aka ɗaga jan kati. A wasan Kuroshiya da Ostiraliya kuwa, Graham Poll ya ba Josip Šimunić katin gargaɗi har uku kafin ya kore shi, ba tare da wani cikin abokan aikinsa ya tsayar da shi a na biyu ba. Wannan ba kara ba ce, sakaci ne, domin ƙidayar kati da ta lokaci ba ra'ayin alƙali ba ne da za a ji nauyin gyara masa.

Da aka shigar da na'urar VAR cikin dokoki a 2018, an taƙaita ta ga kuskure bayyananne a abubuwa huɗu: cin ƙwallo, fanareti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. Wasan besbol na Amurka ya fi tsanani, inda asalin ƙa'ida ta hana alƙali tsoma baki a hukuncin ɗan'uwansa sai an nemi ra'ayinsa.

A filayen makarantu na Kafin Maiyaki, Bebeji ko Tudun Wada, babu na'ura, kuma ba kullum ake samun mai tuta ɗan-ba-ruwana ba. Idan ƙungiyoyin ne suka ba da masu tuta, alƙali mai hankali kan gaya musu tun kafin take wasa cewa fitar ƙwallo kaɗai yake so su nuna masa. Satar gida da fanareti ya riƙe su da kansa, don hukuncin da aka sauya bisa maganar ɗan gari yakan tayar da rigimar da ta fi kuskuren farko.