Tashar Shuhada'u ta Birnin Alƙahira

Tashar Shuhada'u tana ƙarƙashin Dandalin Ramsis a tsakiyar Alƙahira, kuma ɗaya ce daga cikin mahaɗun layi na ɗaya da na biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Masar. Asalinta yana komawa ga babbar tashar jirgin ƙasa da ke bisanta, domin tun a shekarar 1851 Abbas na Ɗaya, mai mulkin Masar, ya ƙulla yarjejeniya da injiniyan Ingila Robert Stephenson a kan shimfiɗa dogo daga Iskandariyya, wanda ya iso Alƙahira a 1856, a wurin da mutanen gari suke kira Babul Hadid. Daga nan wurin ya zama ƙofar birni, inda baƙo daga Sa'id, wato kudancin Masar, ko daga bakin teku yake fara sauke kayansa.

Da jama'a ta yawaita, tituna suka cushe, sai mahukunta suka lura da wani al'amari wanda, a ganina, shi ne hikimar aikin baki ɗaya. Birnin yana da tsofaffin layuka biyu masu jigilar ma'aikata safe da yamma, ɗaya daga Babul Luƙ zuwa Hulwan a kudu, ɗaya kuma daga Kubri Limun, daura da Babul Hadid, zuwa Marj a arewa maso gabas; amma babu abin da ya sada su, ta yadda wanda ya sauka daga wannan tilas ya keta tsakiyar gari cikin turmutsitsin motoci kafin ya riski wancan. Maimakon a yi watsi da abin da magabata suka gina, sai aka haƙa rami na 'yan kilomitoci, da taimakon Faransa, aka ɗinke layukan biyu suka zama ɗaya. Ranar 27 ga Satumba, 1987 aka buɗe kashi na farko daga Hulwan zuwa wannan tasha, wanda shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka. A 1989 jirgi ya zarce har Marj, a 1996 kuma layi na biyu ya iso daga Shubra Alkhaima.

Mai sauka a nan da hantsi zai ga magidanci ɗauke da ƙunshin kaya ya fito daga jirgin Aswan yana lalluben matakala, ga ɗalibai, ga ma'aikata, ga mata sun taru a daidai alamar taragon da aka keɓe musu a tsakiyar jirgi, tanadin da ya cancanci yabo a wuri mai irin wannan cunkoso. Idan ya hau sama, hasumiyar Masallacin Fatahu ce za ta tarbe shi. Gunkin Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda aka kafa a dandalin a 1955, an ɗauke shi zuwa Giza a 2006 saboda hayaƙi da girgiza suna cutar da dutsen.

Da farko sunan Shugaba Husni Mubarak aka raɗa wa tashar, kamar yadda aka sa wa maƙwabtanta sunayen wasu jagororin Masar, wato Urabi da Nasir da Sadat. Bayan ya sauka daga mulki ranar 11 ga Fabrairu, 2011, fasinjoji da kansu suka riƙa kankare sunansa daga taswirorin da ke bisa ƙofofin tarago, tun kafin kotu ta yi hukuncin cire shi daga wuraren gwamnati, kuma a cikin shekarar 2011 ɗin hukumar jirgin ta mai da sunan tashar Shuhada'u, don tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu a juyin juya halin da ya kai ga saukarsa.