Koyi ko Ƙaga: Gardamar Malaman Jamus a kan Asalin Fasaha, 1730–1790

A farkon ƙarni na 18 Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce, ƙananan sarautu ne masu yawa, kowace da fadarta. A fadojin nan Faransanci a ke taƙama da shi, malaman jami'a kuwa yawancin rubutunsu da Latin su ke yi. Jamusanci ya zama harshen gida da kasuwa da wa'azi. Saboda haka da masu ilmi suka tashi neman ɗaukaka harshensu, sai suka ci karo da tambaya guda, watau shin fasahar mawaƙi abin koyo ce a makaranta kamar ƙira da saƙa, ko kuwa baiwa ce wadda malami ba shi da ikon ba da ita?

Wanda ya fara amsawa da ƙarfi shi ne Gottsched, malami a Jami'ar Leipzig. A cikin littafinsa na ka'idodin waƙa, na 1730, ya tsaya a kan cewa fasaha koyi ce, kuma Faransawa su ne abin koyi. Har hanya ya shimfiɗa wa mai son rubuta wasan kwaikwayo: ya fara zaɓen darasin kyawawan halaye, sa'an nan ya ƙulla labarin da zai nuna gaskiyar darasin, sa'an nan ya binciki tarihi ya samo shahararrun mutanen da irin wannan ya faru gare su, kana ya raba aikin kashi biyar. Labarin kuma ya auku a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya. Shi kansa ya gwada hanyar da wasansa na mutuwar Cato, wanda yawancinsa ya harhaɗo daga wasan wani Bature na Ingila da na wani Bafaranshe. Na baya sun yi masa dariya ƙwarai, amma dariyar ta yi yawa, gama shi ne ya yi wahalar daidaita rubutun Jamusanci, ya kuma sa manya suka daina ɗaukar wasan kwaikwayo abin 'yan tasha.

Ba a daɗe ba aka tayar masa. Daga Zurich ta ƙasar Suwizalan, Bodmer da Breitinger suka ce abin mamaki da abin da zuciya ta suranta suna da haƙƙi a waƙa, ko da ido bai taɓa ganinsu ba. A 1759 Lessing ya fito fili ya ce Gottsched ya ɓatar da mutane, domin halin Jamusawa ya fi kusa da wasannin Shakisfiya na Ingila, wanda bai kula da ka'idar wuri ɗaya da yini ɗaya ba. Tsakanin 1762 da 1766 Wieland ya juya wasanni 22 na Shakisfiya zuwa Jamusanci. Daga nan kalmar Genie ta cika bakin samari, ma'anarta kuwa mutumin da ya ke ƙaga abu daga ransa, ba da duban na wani ba.

Abin ya kai ƙarshen ƙarfinsa bayan da Herder da Goethe suka haɗu a Strasbourg a 1770. Goethe a lokacin ɗalibin shari'a ne, shekararsa 21. Herder ya nuna masa cewa kowace al'umma tana da fasaharta wadda ta tsiro daga harshenta da ƙasarta da zamaninta, saboda haka kuskure ne a auna Shakisfiya da mudun Girkawa. Ya ce kuma tushen waƙa yana bakin talakawa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Aristotal ba. Goethe ya shiga ƙauyukan Alsace yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffin mata. Herder ya buga tarin waƙoƙin al'ummai a 1778 da 1779. Wannan ra'ayi ya yi rassa masu nisa: 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, sun buga tatsuniyoyinsu a 1812, har daga baya malaman Jamus suka kai ga Hausa, kamar Rudolf Prietze wanda ya buga karin magana da waƙoƙin Hausa a 1904.

A 1773 Goethe ya fito da Götz von Berlichingen, wasan da ya ke sauya wuri fiye da sau 50, yana haɗa jarumai da manoma da 'yan fashi, kowa da irin maganarsa. A 1774 labarin Werther ya biyo baya, ya game Turai. Zamanin ya sami suna Sturm und Drang, watau guguwa da yunƙuri, daga sunan wani wasan Klinger na 1776. Sarki Frederick na Biyu na Prusiya bai ji daɗin abin ba. A 1780 ya rubuta ɗan littafi a kan adabin Jamus, ya kushe Götz, ya ce mugun koyi ne da miyagun wasannin Ingila. Da Faransanci ya rubuta littafin.

Amma fa hujjar samarin tana da ɓaraka. Babban misalin da Herder ya kafa na waƙar mutanen da, wadda ba ta san makaranta ba, shi ne waƙoƙin Ossian, waɗanda James Macpherson ya ce ya fassaro daga tsohon harshen tuddan Sukotilan. Ashe yawancinsu Macpherson ne ya tsara su da kansa, shi kuwa ɗan jami'a ne wanda ya ƙoshi da karatu. Har wa yau da yawa cikin masu kiran kansu Genie ba su bar abin kirki ba, sai hayaniya. Lenz, wanda lalle yana da baiwa, ya sami taɓin hankali, aka tsinci gawarsa a titin Mosko a 1792.

Kant ne ya zauna ya warware zaren a littafinsa na 1790 a kan ƙarfin hukunci. Ya yarda da samarin a kan abu ɗaya: mai baiwa ba ya bin ka'ida, daga aikinsa ne na baya su ke ciro ka'ida, shi kansa kuwa ba zai iya bayyana yadda tunanin ya zo masa ba. Ya kawo misali da Niyuton, wanda ya ke iya nuna wa almajiri kowane taki da ya bi har ya kai ga bincikensa, alhali Homa ba zai iya koya wa kowa yadda baitinsa ya samu ba. Don haka ya keɓe kalmar Genie ga fasaha, ya hana ta ga ilmin kimiyya, a nan kuwa da wuya masanan kimiyya na baya su yarda da shi. Sa'an nan ya juya ga samarin ya ce shirme ma yana iya zama sabo fil, saboda haka sabunta kaɗai ba ta isa ba, sai aikin ya cancanci zama abin koyi. Abin da ya ke kai shi ga haka shi ne horo da iya tantance mai kyau, wannan kuwa malami yana iya koyar da shi. Ya ƙara da cewa in dole a bar ɗaya, to, a rage wa baiwa, kada a rage wa hukunci.

Goethe ya riga ya bi wannan hanya da ƙafarsa. Ya koma Weimar a 1775 ya shiga aikin mulki, a 1786 kuma ya tafi Italiya. A can ya sake tsara wasansa na Iphigenie cikin ma'aunin waƙa, aka buga shi a 1787. Mutum biyar ne a cikinsa, kashi biyar, wuri ɗaya, yini ɗaya, labarin kuma daga Girkawa. Gottsched bai gan shi ba, gama ya rasu tun 1766.