Yadda Saƙon Tes Ya Kama Filifin Tun Kafin Amurka Ta Waiwaye Shi

Daren 16 ga Janairun 2001, sanatocin Filifin da ke shari'ar tsige Shugaba Joseph Estrada suka kaɗa ƙuri'a, 11 da 10, cewa ba za a buɗe wata ambulan da ake kyautata zaton tana ɗauke da hujjojin banki a kansa ba. Kafin gari ya waye, wayoyin Manila sun ɗauki ƙara. Saƙo ɗaya ne ke zagayawa daga hannu zuwa hannu: a hallara a titin EDSA, a sa baƙaƙen kaya. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito. Ranar 19 sojoji suka janye goyon bayansu, ranar 20 Estrada ya bar fadar Malacañang, aka rantsar da Gloria Macapagal Arroyo a matsayin sabuwar shugabar ƙasa.

Ba tes kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin coci da 'yan adawa da sojoji duk sun sa hannu. Amma shi ya tara jama'a cikin sa'o'i. A lokacin, saura wata bakwai layukan GSM su fara aiki a Najeriya, kuma yawancin Amurkawa ba su taɓa aika tes ko sau ɗaya ba.

Rashi ne ya kai Filifin gaba. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000, kuma shekara da shekaru kamfani ɗaya, PLDT, ke riƙe da wayar tarho, mutum ya yi ta jiran layi har ya gaji. Gwamnatin Fidel Ramos ta buɗe fagen a 1993, kamfanonin Globe da Smart suka shiga harkar wayar salula. Da farko tes kyauta ne, ko da aka sa masa kuɗi kuwa bai wuce peso ɗaya ba, alhali kiran minti ɗaya ya ninka haka sau da yawa. Da katin waya ya fito, ɗalibi da 'yar aiki da direban motar haya ta jifni duk suka samu shiga. A cikin motar haya za a ga yarinya riƙe da Nokia, babban yatsa na rawa a kan maɓallai tana hira da ta kusa da ita, ko kallon allon ba ta yi. Haruffa 160 kawai saƙo ke ɗauka, don haka aka riƙa gutsure kalmomi, ana cuɗa Tagalog da Turanci.

A 2003 Smart ta ba ƙananan shagunan unguwa, waɗanda ake kira sari-sari, damar sayar da kiredit na 'yan peso kaɗan ta waya, kusa da sabulu da sukari. A 2004 Globe ta fito da GCash, ana tura kuɗi da saƙon tes, shekara uku kafin M-Pesa ta Kenya. Ga ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta ke aiki a Saudiyya da Hong Kong da kan jiragen ruwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ba'amurke kuwa ba abin da ya matsa masa. A lokacin akwai tarho a kusan kowane gida, ga imel a kwamfuta, ga tsarin biyan wata-wata mai ɗimbin mintuna, har da kiran dare da na ƙarshen mako kyauta. Tes ne ma ke da tsada, don sau da yawa ana cajin mai aikawa, a kuma caji mai karɓa. Sai wajen 2002 aka iya tura saƙo daga layin wani kamfani zuwa na wani ba matsala. Abin da ya koya wa Amurkawa da dama danna tes shi ne gasar waƙa ta American Idol, inda AT&T ta buɗe zaɓen gwani ta saƙo a 2003.

Sai a ƙarshen 2007 alƙaluman kamfanin bincike na Nielsen suka nuna tes ya zarce kira a Amurka. A Agustan 2008 Barack Obama ya aika wa magoya bayansa sunan wanda ya zaɓa ya yi masa takarar mataimaki, Joe Biden, ta saƙon tes, jaridu suka yi ta yayata abin a matsayin sabon salo, shekara bakwai da rabi bayan daren EDSA.