Wa Ya Taɓa Layin Nan? Tarihin Kod Ɗin Injin Gem, Daga Doom Zuwa Godot

Ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Na ɗan gyara wasu wurare don ya karantu, amma yawanci yadda na faɗa haka na bar shi.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekarata ta ƙarshe a jami'a, ni da wani abokina ɗan Boɗinga muka ce za mu mayar da wasan dara gem na waya. Darar da kuka sani dai, ta gindin bishiya, gurbi talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Wata biyar muna fama. Duk lokacin da muka yi gyara sai mu kwafe fayilolin gaba ɗaya mu sa musu sabon suna. Akwai "dara", akwai "dara sabo", akwai "dara na ƙarshe", har da "dara na ƙarshe wallahi". Wata rana gem ɗin ya daina ƙirga jeri uku. Jiya yana yi, yau ba ya yi. Abokina ya rantse bai taɓa wurin ba, ni ma na rantse. Kwana uku ba ma magana. Kafin mu gano mai laifi, laftof ɗina ta mutu a hanyar Shagari cikin zafin watan Afrilu, mai gyara ya ce abin da ke ciki sai haƙuri.

Sai daga baya na gane cewa matsalar da ta raba mu tsohuwa ce, kuma tun 1972 wani ma'aikacin Bell Labs a Amurka mai suna Marc Rochkind ya fara ƙera mata magani. Tarihinta nake so mu bi yau, ta ƙofar gem, tunda nan ne muka fi kauri.

Da farko, mene ne injin gem? In kana buga PUBG Mobile, abubuwa biyu ne a hannunka. Akwai taswira, da bindigogi, da kayan da ka sa wa ɗan wasanka. Sannan a ƙarƙashinsu akwai abin da yake lissafa yadda haske ke sauka a bango, yadda harsashi ke tafiya, yadda ƙafarka ba ta nutsewa cikin ƙasa. Wannan na ƙasan shi ne injin. PUBG Mobile a kan Unreal yake, Free Fire da Call of Duty Mobile kuma a kan Unity. Injin kuwa ba ƙarfe ba ne, rubutu ne. Layuka ne dubbai a kan dubbai da ake kira kod, kuma kowane layi akwai wanda ya zauna ya rubuta shi a wata rana, wani ya zo ya canza shi a wata ranar.

Ranar 10 ga Disamba 1993 wani ƙaramin kamfani a Texas mai suna id Software ya fitar da Doom. Wanda ya rubuta yawancin injin, John Carmack, shekararsa 23 a lokacin. Ƙanena ne ke nan a yau, abin da kan hana ni barci wani lokacin. Shekara huɗu bayan nan, ranar 23 ga Disamba 1997, sai suka yi abin da manyan kamfanoni ba su saba yi ba: suka saki kod ɗin injin kowa ya karanta. Wanda suka saki na Linux ne, ba na DOS da mutane suka saba bugawa ba, saboda ɓangaren sauti na DOS ɗin hayarsa suka yi daga wani, ba su da ikon bayar da kayan da ba nasu ba. A 1999 suka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne: ɗauki, gyara, raba, amma in ka raba gyararren to ka buɗe naka kod ɗin kai ma.

Daga nan iyali ya yaɗu. Aka samu Boom a 1998, aka samu ZDoom, daga shi GZDoom ya fito. Wanda ya fi burge ni shi ne Chocolate Doom da Simon Howard ya fara a 2005. Shi nasa aikin, da gangan yake barin kurakuran asali yadda suke. Dalili kuwa, tsofaffin 'yan wasa sun naɗi wasanninsu a wasu fayiloli da ba bidiyo ba ne, jerin maɓallan da suka danna ne kawai, injin yake sake bugawa. In ka gyara kuskure ɗaya, sai dodo ya taka inda bai taka ba a da, naɗin gaba ɗaya ya watse. Kun ga ashe kuskure ma yana iya zama amana.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Abin da id Software suka bayar hoto ɗaya ne na ranar ƙarshe, ba fim ɗin tafiyar ba. In ka shiga shafinsu na GitHub, inda suka zuba waɗannan injina a 2012, za ka ga Doom a kammale, amma ba za ka ga yadda ya girma mako-mako a 1993 ba. Abin da ya ɗan cike wannan giɓi a zamanin Quake shi ne wata al'ada ta Carmack. Yana da ɗan fayil da ake kira .plan wanda duk mai intanet zai iya leƙawa, yana jera aikin da ya yi. Alamar tauraro na nufin ya gama a ranar, alamar tarawa na nufin ya gama daga baya, alamar ɗebewa na nufin ya fasa. Wannan na fasawar ya fi min daraja. Kowa na iya nuna maka abin da ya gina, kaɗan ne ke rubuta abin da suka gwada suka watsar.

Yanzu ku ji abin da rashin cikakken tarihi ke jawowa. A Agustan 2005 aka saki kod ɗin Quake III Arena. A ciki mutane suka ci karo da wasu 'yan layuka da ke yin wani lissafi mai nauyi da injin ke buƙata wajen haske, cikin sauri na ban mamaki. A tsakiyarsu akwai wata lamba, 0x5f3759df, ba bayanin daga ina ta zo. Wanda ya rubuta sharhi a gefenta ma mamaki kawai ya yi, da kalmar da ba zan maimaita a shirin nan ba, iyayenmu na saurare. Kowa ya ɗauka Carmack ne. Wani marubuci a shafin Beyond3D, Rys Sommefeldt, ya tambaye shi, ya ce ba shi ba ne. Aka je wurin Terje Mathisen, shi ma ya ce ba nasa ba ne. Aka je wurin Gary Tarolli, ya ce ya yi aiki da ita amma ba shi ya ƙirƙira ba. A ƙarshe zaren ya kai ga Greg Walsh, wanda ya yi aiki a kamfanin Ardent a ƙarshen shekarun 1980. Baki da baki aka bi, wane daga wane.

Ranar da na karanta wannan labarin dariya na yi, don wannan hanyar a gidanmu take. Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Shagari yana ratsa ƙasar Boɗinga, kuma Sifawa na nan, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna a wancan lokacin. A cikin waɗannan shekarun ya rubuta Ida'un Nusukh, ɗan littafin da ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Haka masu kwafar littattafai da hannu, da yawansu in sun kai ƙarshe sukan sa sunansu, wani lokaci har da ranar da suka gama, kuma in malami ya ga gyara yakan rubuta a gefen takarda, bai goge na ciki ba. Ba ina cewa kakanninmu ne suka ƙirƙiro Git ba, kar wani ya yanko nan ya kai TikTok. Abin da nake cewa, tambayar "daga hannun wa wannan ya fito, wa ya taɓa shi a hanya" ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mu ne dai jikoki muka koma "dara na ƙarshe wallahi".

Git ɗin da na ambata, Linus Torvalds ne ya rubuta shi a Afrilun 2005, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da manhajar BitKeeper kyauta. Kafin shi an yi RCS, an yi CVS, an yi Subversion, ba zan tsaya a kansu ba. Yadda Git ke aiki shi ne abin ji. Duk gyaran da ka kammala sai ka ɗaure shi ƙunshi guda, ana ce masa komit. A jikinsa akwai sunanka, da lokaci, da bayanin dalilinka, da wani hatimi mai haruffa da lambobi 40. Hatimin ana lissafa shi ne daga abin da ke cikin ƙunshin haɗe da hatimin wanda ya gabace shi. Ke nan in wani ya lallaɓa ya canza gyaran bara, hatiminsa zai canza, na bayansa duk su canza, duk mai kwafi zai gane an taɓa. Kuma kowa da cikakken kwafin tarihin a na'urarsa. Da mun san wannan, mutuwar laftof ɗina da ba ta kashe darar ba.

Faɗanmu na kwana uku ma da bai faru ba. Akwai umarnin blame, kana nuna layi ya gaya maka wa ya taɓa shi a ƙarshe da yaushe. Akwai bisect, wanda ke raba tarihin biyu, ka gwada tsakiya, ya sake rabawa. Ko gyara dubu ne, gwaji kamar goma ya isa ka kama wanda ya ɓata.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, mu da muke bugawa kawai? Ku ji na Unity. Ranar 12 ga Satumba 2023 kamfanin ya sanar cewa daga Janairun 2024 masu gem ɗin da suka kai wani mataki na ciniki za su riƙa biyan kuɗi, har senti 20 na dala, duk lokacin da aka sauke gem ɗinsu, har da gem ɗin da aka riga aka fitar. Masu ƙera gem suka ce ai ba haka muka yi da ku ba. Da suka je duba tsohuwar yarjejeniya, sai suka tarar rumbun da Unity ya buɗe a GitHub don kowa ya riƙa ganin canje-canjen sharuɗɗansa an riga an sauke shi. Sai da aka koma ga kwafin da wasu suka adana aka nuna cewa a da akwai sakin layin da ya ba mutum damar ci gaba da tsohon sharaɗi in bai sabunta injinsa ba. Hayaniya ta yi yawa, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a Oktoba, kuma a Satumbar 2024 aka soke kuɗin gaba ɗaya.

Ni da nake yawon bin diddigin ayyukan mazaɓu a ƙauyukanmu, wannan labarin ya taɓa ni ta wani gefen. Sau nawa muka ga takardar aiki da adadi ɗaya, bayan wata biyu mu ga wata da wani adadin, ka tambayi wa ya canza kowa ya kalli silin? Amma wannan shirin wata rana ne.

Waɗanda suka gudu daga Unity da yawansu Godot suka nufa. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, su suka gina shi don ayyukansu, sannan a farkon 2014 suka buɗe shi ƙarƙashin lasisin MIT. Shi ma abin da ya gabaci 2014 ba ya cikin rumbun, amma daga nan zuwa yau komai a fili yake: fitowar 3.0 a Janairun 2018, fitowar 4.0 ranar 1 ga Maris 2023, da duk gardamar da aka tafka a tsakani kan me za a karɓa me za a ƙi. A lokacin rikicin Unity, kamfanin Re-Logic masu Terraria suka ba Godot kyautar dala dubu 100. Abin da ya fi shafar mu nan shi ne yana da manhajar Android, mai waya ma zai iya fara taɓawa kafin Allah ya hore laftof. Gaskiya allon waya ya yi ƙanƙanta, ido na wahala, amma ana yi.

Akwai wani ɗan abu da na kusa mantawa. A Quake na 1996, yadda fitila ke kyaftawa da haruffa aka rubuta shi: "a" duhu, "m" haske daidai, "z" haske mai ƙarfi, injin na karanta harafi goma a daƙiƙa. Valve suka gina Half-Life na 1998 a kan injin Quake, abin ya bi su. A Half-Life: Alyx na 2020 'yan wasa suka lura fitilu na kyaftawa da salon nan dai na 1996. Shekara 24, injin ya canza suna ya canza kama, kyaftawar fitila ɗaya ta ƙi mutuwa.

Darar tamu mun sake ta daga tushe a Godot, ni da abokin nan nawa, don mun shirya tuni. Yanzu mu shida ne, huɗu a Shagari biyu a Boɗinga, ciki har da wata ƙanwarmu da ta gama sakandare bara. Dokarmu ɗaya ce: ba a tura gyara sai da bayani, kuma da Hausa. Makon jiya gem ɗin ya fara bai wa mutum ci in ya jera huɗu, abin da duk ɗan dara ya san ba a yi. Muka sa blame a kan layin. Sunana ne ya fito, ƙarfe ɗaya da minti goma na dare, bayanin da na rubuta kuma "ƙaramin gyara" kawai. Ƙanwar nan tamu ce ta mayar da shi daidai, ta rubuta a nata komit ɗin: "Na gyara ɓarnar Yaya, jeri huɗu ba ci ba ne."

Ranar Asabar bayan la'asar muna zama a Shagari, mai son ya ga yadda ake yin komit na farko ya zo da wayarsa da caji. Sai mun haɗu a shiri na gaba.