FASHIN BAƘI: Abin da gurɓatacciyar iska ke yi wa huhu, daga hazon hunturu zuwa hayaƙin murhu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, sararin Kano, Katsina, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram da Maraɗi kan turnuƙe da hazo. Rana ta dusashe, jiragen sama su jinkirta tashi, leɓɓa su tsattsage, tari ya bi gida-gida. An saba a ce lokacinsa ne, a sha citta da kanumfari a jira bazara. Sai dai ƙurar da iskar hunturu ke kawowa kashi ɗaya ce cikin abin da mazauna waɗannan birane ke shaƙa. A ƙarƙashinta akwai hayaƙin itace da gawayi, da na janareta, da na ababen hawa, da na bolar da aka cinna wa wuta. Wannan kashi na biyu ɗan gida ne. Yana nan rani da damina, kuma shi ne wanda doka da kasafin kuɗi ke iya ragewa.

Mene ne ke cikin iskar?

Masana na rarraba ƙwayoyin da ke yawo a iska bisa girmansu. Waɗanda ake kira PM10 su ne masu ɗan kauri, irin ƙurar hanya da ta siminti. Waɗanda ake kira PM2.5 kuwa ƙanana ne ƙwarai, faɗin silin gashin mutum ya ninka nasu kusan sau 30. Yawancinsu daga ƙonewa suke fitowa, ko na itace, ko na man dizal, ko na roba. Ban da ƙwayoyi akwai iska masu guba da ido ba ya gani, irin su kabon monoksaid daga garwashi da janareta, da naitrojin dayoksaid daga injinan motoci, da salfa dayoksaid daga man da ke da yawan farar wuta.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tsaurara ma'auninta. Ta ce matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikirogiram 5 a kowace kyubik mita ta iska, maimakon 10 da ta ƙayyade a 2005. Hukumar ta kuma ce kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya na shaƙar iskar da ta ƙetare ma'auninta. Bisa ƙiyasinta, gurɓatar iskar waje da ta cikin gida a haɗe na janyo mutuwar mutum kusan miliyan 6.7 a kowace shekara.

Daga ina take fitowa?

Kaso mai yawa na ƙurar hunturu na tasowa ne daga Kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da ake ɗauka shi ne mafi fitar da ƙura a doron ƙasa. Kwarin gindin wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, ya bar farin gari mara nauyi. Iskar arewa maso gabas kan matsu tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ta nufo Nijar da Najeriya.

Sanyin hunturu kuma yana ƙara wa hayaƙin cikin gari illa. Da dare ƙasa kan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi da nauyi, ta kwanta a ƙarƙashin mai ɗumi. Hayaƙin da ya kamata ya tashi sama sai ya tsaya daidai hancin mutane har hantsi. A wannan lokacin ne kuma ake hura wutar jin ɗumi a bakin titi, ake shiga da kaskon garwashi ɗaka, ake rufe tagogi.

Babbar hanyar da hayaƙi ke shiga huhun talaka ita ce murhu. Fiye da mutum biliyan biyu a duniya na girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir, kuma yawancin gidajen Arewa na cikin wannan lissafi. Tsadar iskar gas ta girki a 'yan shekarun nan ta mayar da gidaje da dama ga gawayi bayan sun bar shi. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa janareta ya zama kayan aikin kowane shago. Ga tsofaffin manyan motoci masu amfani da dizal, ga A Daidaita Sahu da suka cika titunan Kano tun bayan hana acaɓa a 2013, ga leda da robar da ake ƙonawa a juji, ga tayoyin da ake babbaka da su a wasu mahautai.

Yadda take shiga jiki

Baligi kan shaƙi iska sama da lita 10,000 a rana. Jiki na da masu gadinsa. Gashin hanci da majina na tare manyan ƙwayoyi. A cikin bututun numfashi akwai wasu 'yan siraran gashi da ke kaɗawa ba dare ba rana, suna turo datti sama domin a tofar ko a haɗiye. Hayaƙi na kassara waɗannan gashi, busasshiyar iskar hunturu kuma na busar da majinar da suke aiki da ita. Idan masu gadi suka raunana, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

PM2.5 kan wuce duk waɗannan shinge ya isa can ƙuryar huhu, cikin ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan da iskar oksijin ke ratsawa zuwa jini. A nan sojojin jiki kan far masa, wurin ya kumbura. Idan hakan na maimaituwa kullum, shekara da shekaru, bututun numfashi kan yi kauri ya ƙuntata, jakunkunan su lalace. Mafi ƙanƙantar ƙwayoyin kan tsallaka cikin jini, dalilin da ya sa gurɓatar iska ke da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Cututtukan da ke biyo baya

Limoniya, wadda ake kira sanyin haƙarƙari, ita ce kan gaba a tsakanin yara. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. WHO ta ce kusan rabin mutuwar yara ƙanana daga irin wannan ciwo na da alaƙa da hayaƙin cikin gida.

Ga mai asma, ƙura da hayaƙi na tayar da ciwon nan take, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da shewa. Akwai kuma toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD, da ta kashe sama da mutum miliyan uku a duniya a 2019. An fi saninta da masu shan taba, amma a ƙasashe masu tasowa tana kama matan da ba su taɓa kunna sigari ba, sai shekaru talatin ko arba'in da suka yi a bakin murhu. Alamarta tari mai kaki da ba ya ƙarewa, da haki bayan 'yar gajeriyar tafiya. Abin da ta lalata a huhu ba ya dawowa.

A 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta WHO ta sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu, a 2013 kuma ta ƙara da gurɓatacciyar iskar waje baki ɗaya.

Kabon monoksaid kuwa ba ya jiran shekaru. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Janareta a soro ko kaskon garwashi a rufaffen ɗaki na iya hallaka iyali guda cikin barci.

Wa ya fi ɗanɗanawa?

Iska ɗaya ake shaƙa a gari, amma ba kowa ke shaƙar kaso ɗaya ba. Mai girki da goyon da ke bayanta su ne suka fi kusa da hayaƙi. Jariri na numfashi da sauri fiye da babba, bututunsa siriri ne, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba, don haka lahanin da aka yi masa da wuri na iya bin sa har girma. Hayaƙi ga mai juna biyu na da alaƙa da haihuwar jariri mara nauyi. Bayan su sai mai tuyar ƙosai, mai gasa tsire, direban A Daidaita Sahu, ɗan sandan kula da zirga-zirga da yaron da ke talla a tsakanin motoci. Wanda ke da mota mai na'urar sanyaya iska da kicin mai gas ya sayi wa kansa tazara daga mafi munin abin.

Inda doka ta tsaya

Tarihi ya nuna cewa iska na gyaruwa idan hukuma ta ɗauki lamarin da gaske. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na tsawon kwana biyar. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, bincike na baya ya kai adadin kusan 12,000. Shekara huɗu bayan haka Birtaniya ta kafa Dokar Tsaftar Iska ta 1956. A 2020 kuma wani mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya mai asma 'yar shekara tara a 2013.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. An kafa hukumar NESREA a 2007 domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, kuma tana da ƙa'idoji kan ingancin iska da hayaƙin ababen hawa. Gurbin yana wajen aiwatarwa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke sayar wa Afirka ta Yamma man dizal mai yawan farar wuta. A lokacin Najeriya ta halatta kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10 kacal. A Disamban shekarar Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa 50, amma wa'adin Yulin 2017 da Najeriya ta ɗiba ya wuce ba a cika ba.

A ƙarshen 2016 ɗin ne kuma baƙar toka ta fara sauka a kan Fatakwal, wadda aka danganta da haramtattun matatun mai da ƙona kayan da aka kama daga gare su. Wani nazarin Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta kashe mutum 11,200 a Legas a 2018, kashi 60 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da asarar dala biliyan 2.1. Irin wannan lissafi na samuwa ne inda aka auna. Birnin da ba ya auna iskarsa kullum ya bayyana wa jama'a sakamakon ba shi da abin da za a tuhumi kowa da shi.

Abin da gida zai iya yi

A yi girki a fili ko a madafa mai tagogi, da busasshen itace, kuma kada a hura wuta da leda. A sauke goyo nesa da murhu. Janareta ya tsaya a waje, nesa da ƙofa da taga, kaskon garwashi kuma ya fita kafin a kwanta. A ranar hazo mai kauri takunkumi samfurin N95 ya fi ƙyalle tare ƙananan ƙwayoyi, mai asma kuma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa. Yaron da ke tari a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana natse. Idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar gwajin tarin fuka.

Waɗannan matakai na rage illa, amma iyakarsu ƙofar gida. Farashin gas, tsayuwar lantarki, kwashe shara, ingancin man da ake sayarwa da girke na'urorin auna iska duk abubuwa ne da ake yankewa a majalisa da ofisoshin gwamnati, kuma ana iya duba su a kasafin kuɗin kowace jiha. Kwarin Bodele zai ci gaba da turo ƙurarsa duk hunturu. Sauran abin da ke cikin iskar kuwa, akwai masu alhakinsa, kuma ana zaɓen su duk bayan shekara huɗu.